Idan baƙo ko ma'aikaci ya kamu da cuta a wurin sana'ata, inshora zata biya?

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ina da wurin taro da ɗakunan saukar baƙi, ma'aikatana goma sha biyu ne, kuma shekara uku kenan ina biyan inshorar alhaki, wato wadda akace min idan wani ya cutu a wurina su zasu biya shi. Yanzu ga cuta ta ɓulla a yankinmu tana ta yaɗuwa, hukuma dai bata rufe mu ba tukuna. Satin da ya wuce wani da ya halarci taro a wurina ya kira manajana yace a nan ya ɗauki cutar, yanzu haka yana asibiti, wai zai nemi haƙƙinsa. Shin inshorar nan zata tsaya min? Idan ma'aikacina ne ya kamu fa? Idan kuma aka rufe mu zasu biya ni asarar ciniki? Saura wata biyu na sabunta, dan Allah a wayar min da kai."

Wa alaikumus salam Hajiya, amin na gode, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan cuta, shi kuma bawan Allahn da yake kwance Allah ya tashi kafaɗunsa. Idan na fahimce ki abu uku kike tambaya, baƙo ya kamu yace laifinki ne, ma'aikaci ya kamu, sai kuma asarar ciniki idan an rufe ki. Mutane da yawa sun ɗauka takarda ɗaya ce take ɗauke da duka ukun, kuma nan ne ɓacin rai yake farawa, domin a wurin kamfanin inshora abubuwa ne uku daban-daban, kowanne da irin yarjejeniyarsa kowanne da kuɗinsa. Wadda kika ce kina da ita ta na farkon ce kawai, shi ma sai idan ba'a toge cuta a cikinta ba. Takardarki bata gabana, kuma kowace ƙasa da dokarta da yadda alƙalanta suke fassara waɗannan sharuɗɗa, saboda haka abin da zan baki shine yadda abin yake tafiya galibi, da kuma wuraren da zaki buɗe a cikin takardar ki ga amsar da idonki.

Kiran nan da aka yiwa manajanki

Da wannan zan fara domin shine wanda baya jira. Ki sanar da kamfanin inshorarki yau ɗin nan, a rubuce, ta imel ko wasiƙa, kuma ki ajiye shaidar cewa sun karɓa. Kar ki ce ai bai kai ni kotu ba tukuna, ai barazana ce kawai ta mai jin zafin ciwo. Kusan duk yarjejeniyar alhaki da na taɓa riƙewa tana da sharaɗin cewa ki sanar dasu da zarar kin ji ƙishin-ƙishin wani abu da zai iya zama neman diyya, ba sai sammaci ya zo ba, kuma makara tana cikin dalilan da kamfanoni suka fi fakewa dasu su ƙi biya. A wasu ƙasashen sai kamfani ya nuna makarar ta cutar da shi kafin ya zame, a wasu kuma makarar kaɗai ta isa. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan ma muhimmanci tunda kin ce saura wata biyu ki sabunta. Inshorar alhaki iri biyu ce ta fuskar lokaci. Wata tana bin ranar da cutarwar ta faru, wato idan mutumin ya kamu a cikin shekarar da kike biya to ko bayan shekara biyu ya shigar da ƙara waccan tsohuwar takardar ce zata amsa. Ɗayar kuma tana bin ranar da aka nemi diyyar ne, idan takardar ta ƙare kafin ya nema shikenan ta tafi, sai dai sabuwar, kuma sabuwar ina kyautata zaton zata zo da togaciyar cuta tunda ana cikin annoba. To a irin ta biyun nan galibi akwai ƙofa, idan kika sanar da lamarin kafin wa'adi ya cika, duk ƙarar da ta biyo baya a kan wannan lamarin za'a ɗauke ta kamar a cikin tsohuwar shekarar aka yi ta. Kinga wasiƙa ɗaya da bazata ci miki awa guda ba tana iya zama ita ce zata sa su tsaya miki ko su barki ke kaɗai.

Sannan ki ja wa manajan kunne. A gaishe da mara lafiya, a yi masa addu'a, a nuna masa tausayi na gaskiya, wannan mutunci ne kuma babu takardar da ta hana. Amma kar wani ya rubuta masa cewa laifinmu ne, kar a yi masa alƙawarin kuɗin asibiti kafin kamfanin ya amince, domin akwai sharaɗin da ya hana amsa laifi ko yin sulhu ba da izininsu ba. Idan zuciyarki tana son ki taimaka masa, kuma na san tana so, ki tambayi dillalin da ya yankar miki inshorar ko takardarki tana da ɗan sashen nan na kuɗin magani da ake biya ba tare da an tsaya binciken laifin waye ba, wasu suna da shi, kuɗin ba yawa amma yana kashe wuta tun tana ƙarama.

Abin da wannan inshorar ta yi alƙawari

Alƙawarinta shine zata biya abin da doka ta ɗora miki ki biya wani mutum na waje saboda cutar da jikinsa ko lalacewar dukiyarsa, matuƙar abin tsautsayi ne ba ganganci ba. A mafi yawan takardu cutar da jiki ta haɗa da rashin lafiya da cuta da mutuwar da ta biyo bayansu, ba karaya da rauni kaɗai ba, saboda haka a asali baƙon da yace a wurinki ya kamu yana cikin abin da aka rufe. Amma ki lura da cewa sai doka ta ɗora miki. Kamuwa kaɗai bata sa a biya shi. Sai ya nuna kina da nauyin kula da lafiyarsa, kin yi sakaci da wannan nauyin, kuma sakacin naki ne ya jawo masa cutar.

Ni a ganina, kuma wannan shine abin da nake ta nanata wa masu sana'a, babban amfanin wannan takarda lokacin annoba ba diyyar bace, lauya ne. Yawancin irin waɗannan ƙararraki basa kai ga nasara, zan faɗi dalili a ƙasa, amma kafin a kore su an riga an kashe kuɗi a kan lauyoyi da likitocin da zasu ba da shaida da zaryar kotu ta wata da watanni, kuma ƙaramin kasuwanci yana iya durƙushewa a kan shari'ar da shine ma ya ci ta. Takarda mai kyau tana ɗora wa kamfanin nauyin kare ki ko da ƙarar ƙarya ce tsagwaronta. Ki duba ko kuɗin lauya daga cikin iyakar kuɗin da aka rubuta miki ake cirewa ko kuwa daban yake a kansa, domin idan daga ciki ne to duk abin da lauya ya ci ya rage abin da zai saura na diyya.

Abin da bata biya kuma, tarar da hukuma ta ci ki saboda karya dokar lafiya, kuɗin feshin magani da tsaftace wurinki, da albashin da kika biya alhali babu ciniki. Waɗannan asararki ce ke, ita kuma wannan takardar ta asarar wasu ce da aka jingina miki.

Togaciya, inda maganar take

Ki ɗauko takardar gaba ɗayanta, ba shafin farko mai tambari da jadawalin kuɗi ba. Mutum zai zo min da shafi biyu a leda yace ga inshorata, in tambaye shi sauran yace ai wannan kawai aka bashi, alhali ainihin yarjejeniyar ta kai shafi talatin ko arba'in kuma abin da zai yanke hukunci yana can ƙarshe, a cikin ƙarin shafukan da ake maƙalawa, kowanne da lambarsa a ƙasa da ƙananan rubutu, sau da yawa sakin layi ɗaya ne tak a tsakiyar farin shafi. Jadawalin farko yakan jero lambobin waɗannan ƙarin shafuka, ki bi su ɗaya bayan ɗaya da biro kina yi musu alama, duk wanda baki gani ba ki ce a turo miki. Ƙarin shafi yana rinjayar abin da ke cikin uwar takarda, ko da uwar tace an rufe cuta idan ƙarin yace banda cuta mai yaɗuwa to maganarsa ce za'a bi.

Wannan togaciya tana da tarihi. Bayan cutar SARS ta 2002 zuwa 2003, wadda ta kama kimanin mutum 8,000 ta kashe kusan 800, kamfanonin inshora sun biya wasu manyan otal-otal na Asiya kuɗi mai kauri, sai suka farga. A 2006 cibiyar ISO ta Amurka, wadda take tsara samfurin takardun da kamfanoni da yawa suke kwafa, ta fito da togaciyar ƙwayoyin cuta ta inshorar dukiya mai lamba CP 01 40. A ɓangaren alhaki kuma akwai mai lamba CG 21 32 ta cututtuka masu yaɗuwa, kuma wannan an rubuta ta da wayo sosai, bata tsaya a kan yaɗa cutar kawai ba, tace ko da ƙarar tana zargin sakaci ne wajen ɗaukar ma'aikaci ko horar da shi ko sa masa ido, ko wajen gwajin cutar, ko kasa hana ta yaɗuwa, ko kasa kai rahoto ga hukuma, duk babu ruwansu. Kinga ai duk hanyar da lauyan mai ƙara zai bi an toshe ta kenan. Da korona ta zo, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020, kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan ta fitar da nata samfurin togaciyar a cikin 'yan makonni, kuma da yake kamfanoni na ƙasashe da yawa a irin waɗannan manyan kasuwanni suke sayen tasu inshorar, sai togaciyar ta gangaro har takardun ƙananan masu sana'a a ko'ina. Takardar da aka fara yanka bayan 2020 kamar taki, akwai yiwuwar sosai tana ɗauke da ita. Ko takaful kike yi, wato inshora bisa tsarin Musulunci, haka abin yake, tsarin asusun ne ya bambanta amma takardar shaidar tana da nata togaciyoyin kuma sai kin karanta.

Idan kin same ta kar ki yanke ƙauna nan take, ki karanta faɗinta. Wata sunan cuta ɗaya kawai ta kama, korona da danginta, to idan wadda ta ɓulla a yankinku wata ce daban bata shafe ki ba. Wata sai hukuma ta ayyana annoba a hukumance take fara aiki. Wata ta bakteriya da fumfuna ce kawai, kuma bairos ba bakteriya bane, likita ma zai gaya miki haka. Akwai kuma kamfanonin da idan basu da togaciyar cuta sai su jawo ta gurɓata muhalli su ce ai ƙwayar cuta ma gurɓatawa ce, kotuna sun rabu a kan wannan, wasu sun yarda wasu sun ce an rubuta ta ne domin hayaƙi da dattin masana'antu. Abu biyu suna gefenki a dokar ƙasashe da yawa, kamfani ne zai tabbatar da cewa togaciya ta hau kan lamarin ba ke ba, sannan idan kalma tana ɗaukar ma'ana biyu ana fassara ta ne a kan wanda ya rubuta ta. Saboda haka idan suka ce bazasu biya ba ki ce su rubuto, su nuna sakin layin da suka dogara da shi, ki kai wa lauyan da ya san inshora. Na ga ƙin biya da aka janye bayan wasiƙar lauya guda, domin wanda ya fara ƙi ɗin bai karanta takardar da kyau ba.

Shin zai iya cin ki a kotu ma?

Nan ne nake son ki ɗan kwantar da hankali, amma ba ki saki jiki ba. Idan cuta ta riga ta bazu a gari, mai ƙara yana da babban aiki a gabansa, sai ya gamsar da alƙali cewa a wurinki ya ɗauka, ba a mota ba, ba a wurin aikinsa ba, ba daga ɗansa a gida ba, kuma cutar tana ɗaukar kwanaki a jiki kafin ta nuna, a cikin kwanakin nan ya haɗu da mutane nawa? Shiyasa ambaliyar ƙararrakin da aka yi ta tsoro a 2020 bata zo yadda aka zata ba. Har waɗanda suka kai kamfanin jirgin ruwan yawon buɗe ido na Grand Princess ƙara saboda fargabar kamuwa kawai ba tare da sun kamu ba, wata kotun tarayya a jihar Kalifoniya ta Amurka ta kori ƙararsu a Yulin 2020. Jihohin Amurka da dama ma sun yi dokokin kare masu kasuwanci daga irin wannan ƙara, sai dai kusan dukkansu sun bar ƙofa a buɗe ga ganganci da mummunan sakaci.

Amma lissafin yana juyewa idan wurin rufaffe ne ko cutar mai bin diddigi ce. Jirgin Diamond Princess da aka killace a Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020, mutum sama da 700 suka kamu cikin kusan 3,700 da ke ciki, a irin wannan ba'a doguwar gardama a kan inda aka ɗauka. Haka taro ɗaya da mutum talatin suka kwanta bayansa a cikin sati guda, jami'an lafiya zasu zo su bi sawu su rubuta rahoto, kuma wannan rahoton shine makamin lauya. Ke mai ɗakunan baƙi akwai wata da nake so ki sani ko da ba ita ce ta yanzu ba, cutar Lejiyonela. An gano ta ne bayan wani taron tsofaffin sojoji a wani otal na Filadelfiya a 1976, kimanin mutum 200 suka kamu kusan 30 suka rasu, aka danganta ta da na'urar sanyaya iska ta ginin. Bakteriya ce mai son ruwa mai ɗumi da ya daɗe a tsaye a bututu da tanki, mutum yana shaƙarta ne a feshin ruwan shawa, kuma ana iya gwada ruwanki a haɗa da na jikin mara lafiya a ce ga ta nan iri ɗaya. Idan aka rufe ki na watanni ruwa ya kwanta a bututu, ranar buɗewa sai an zubar an wanke an gwada kafin baƙo ya shiga wanka. Wannan ita ce irin ƙarar da ake cin masu masauki a kanta.

Abin da yake kare ki a duka biyun shine shaidar cewa kin yi abin da mai hankali zai yi a wannan ranar bisa umarnin da hukumar lafiya ta bayar a wannan ranar. Na maimaita ranar ne domin umarni yana canzawa, abin da aka ce a watan farko ba shi ake cewa a na huɗu ba, saboda haka duk sanarwar da ta fito ki buga ta a takarda ki rubuta kwanan wata ki ajiye. Akwai wata mai masauki da na taɓa yi wa aiki, aka turo mata wasiƙar lauya a kan baƙon da ya kamu, abin da ya fitar da ita wani littafi ne mai bangon kwali da yake ajiye a teburin karɓar baƙi, duk gefensa ya naɗe saboda hannu, a ciki kowace safiya mai shara ta rubuta ɗakin da ta goge da ƙarfe nawa ta sa hannu, a bayan littafin kuma an rubuta ranar da wani ma'aikaci ya zo da zazzaɓi aka mayar da shi gida da albashinsa da ranar da ya dawo da takardar asibiti. Lauyan kamfanin ya ɗauki hoton shafukan ya tura, maganar bata ƙara tasowa ba. Ki ajiye jerin mahalarta taron nan da ake magana a kansa, adadinsu, ma'aikatan da suka yi aiki ranar, rasitin sabulu da sanitaiza, idan kina da kamara ki kwafe hoton ranar kafin na'urar ta goge shi da kanta.

Kuma dan Allah kar ki bar mara lafiya ya yi aiki saboda ƙarancin hannu. Banda haƙƙin rayukan mutane da zai hau kanki, wannan shine abin da zai ba kamfani damar cewa kin san abin zai faru kika bari, ko kin karya sharaɗin ɗaukar matakan kariya, sai ki rasa shari'ar ki rasa inshorar a lokaci guda.

Ma'aikata

Inshorar alhakin jama'a kusan kullum tana toge ma'aikatanki, nasu daban ne. Wasu ƙasashe suna da asusun diyyar ma'aikata da ake biya ba tare da neman laifin kowa ba, wasu kuma suna tilasta wa mai aiki ya sayi inshorar alhakin ma'aikata, kamar Birtaniya da dokarta ta 1969 wadda yanzu mafi ƙarancin abin da ake yanka shine fam miliyan 5. Matsalar a nan ita ce a nuna cutar ta aiki ce ba wadda kowa yake ɗauka a gari ba. Ga ma'aikacin asibiti abin da sauƙi, ga mai jera kujeru a wurin taro da wuya, shiyasa Kalifoniya ta yi doka a Satumban 2020, wadda ta yi aiki har ƙarshen 2023, da ta ɗauka cewa a wurin aiki aka kamu idan korona ta ɓarke a tsakanin ma'aikata, sai dai mai aikin ya kawo hujjar akasin haka. Akwai kuma wanda ya kai cutar gida matarsa ta kamu, ita ba ma'aikaciya bace ba baƙuwa bace, Kotun Ƙolin Kalifoniya a Yulin 2023 tace mai aiki bashi da wannan nauyin a kan iyalan ma'aikaci, amma wannan hukuncin jiha ɗaya ne. Ki tambayi dillalinki kai tsaye, ma'aikatana goma sha biyu wace takarda ce ta rufe su, ya nuna miki ita. Idan babu, wannan giɓin ya fi na baƙi haɗari domin su kullum suna wurin.

Idan aka rufe ki

Inshorar alhaki bata biyan wannan ko kaɗan. Wadda take biya ita ce ta tsayawar kasuwanci, kuma yawanci a jikin inshorar gini da kaya take, tana tashi ne idan wani abu ya lalata ginin a zahiri kamar gobara. A kan wannan aka fi gwabzawa lokacin korona. A Amurka mafi yawan kotuna sun ce ƙwayar cuta bata lalata gini, masu kasuwanci suka sha kaye. A Birtaniya hukumar FCA mai sa ido kan harkar kuɗi ita ta kai kamfanoni 8 kotu a madadin jama'a da samfurin takardu 21, kuma ranar 15 ga Janairun 2021 Kotun Ƙoli ta ba masu kasuwanci gaskiya a mafi yawan batutuwan, hukuncin da aka ƙiyasta ya shafi masu inshora kimanin 370,000. A Afirka ta Kudu ma kotun ɗaukaka ƙara ta ba wani gidan abinci nasara a kan kamfanin Guardrisk a Disamban 2020. Amma duk waɗanda suka ci ɗin nan takardunsu suna da ƙarin sashe na musamman da ya ambaci cuta mai yaɗuwa a wurin ko a kewayensa, misali cikin mil 25, ko ya ambaci hukuma ta hana shiga. Wanda bashi da wannan sashen bai samu komai ba ko a can. Ki duba ko kina da shi, ki duba ko an jero sunayen cututtuka ne domin idan an jero kuma taku bata ciki to babu, ki duba kwana nawa ake jira kafin biya ya fara da kuma iyakar kuɗin sashen, yakan zama ƙarami sosai.

Sabuntawa nan da wata biyu

Gaskiya ba a fafe gora ranar tafiya, sayen kariyar annoba ana tsakiyar annoba abu ne mai wuya. Masu gasar tanis ta Wimbledon sun karɓi sama da fam miliyan 100 da aka soke gasar 2020, amma tun bayan SARS suke biyan kuɗin wannan kariyar shekara da shekaru ba tare da sun karɓi komai ba. Dalilin gudun kamfanoni kuma ba mugunta kaɗai bace, inshora tana tsayuwa ne a kan cewa cikin mutum dubu da suka zuba kuɗi kaɗan ne tsautsayi zai faɗa wa a shekara, annoba kuwa kowa take bugu a lokaci ɗaya a duk ƙasashe, babu asusun da zai ɗauka. Ta'addanci da ya zama haka gwamnati ce ta shigo ta tsaya a baya, Birtaniya da asusun Pool Re a 1993, Amurka da dokarta ta 2002, an kawo irin wannan ƙudurin na annoba a majalisar Amurka a 2020 amma bai zama doka ba.

Duk da haka akwai abin yi. Ki ce a turo miki sabbin sharuɗɗan tun yanzu ba ana gobe wa'adi zai cika ba, ki ajiye su gefe da gefe da tsofaffin ki ga me aka ƙara me aka cire, domin togaciya takan shigo shiru kuɗin kuma bai ragu ba. Idan sun dage sai sun sa ta, ki nemi a ƙuntata ta, ta tsaya kan annobar da aka ayyana kawai, a bar miki gubar abinci da cutar ruwa irin wadda na ambata, waɗannan sune haɗarin sana'arki na kullum kuma kamfanoni da yawa suna yarda su mayar dasu. Wasu suna sayar da kariyar cuta da ƙaramar iyaka, ko ta kuɗin lauya kawai, ni zan karɓi ta kuɗin lauyan idan ita kaɗai ake samu. Ki tambaya kuma idan mutum ashirin suka kamu a taro ɗaya lamari ɗaya za'a ƙirga ko ashirin, domin kason farko na diyya da ke kanki ki biya da aljihunki a kan kowane lamari ake cire shi, haka ma iyakar kuɗin. Duk tambayar da ke fom ɗin sabuntawa ki amsa ta da gaskiya ko da zata ƙara miki kuɗi, ɓoye abu yana ba kamfani damar soke takardar baki ɗaya ranar da kika fi buƙatarta. Kuma kar ki yi saurin sauya kamfani saboda rangwame a wannan lokacin sai kin tabbatar sabon zai ɗauki abin da ya faru kafin zuwansa.

Takardar nan da wasu suke ba baƙi su sa hannu cewa sun yafe duk abin da ya same su, kar ki dogara da ita, a Birtaniya misali doka ta hana mai kasuwanci kuɓutar da kansa daga alhakin mutuwa ko rauni da sakacinsa ya jawo, wasu wuraren kuma suna karɓarta amma banda mummunan sakaci. Wadda ta fi amfani ita ce yarjejeniyarki da masu hayar wurin taron. Ki rubuta a ciki adadin mutanen da ba'a wucewa, waye zai tsaya a ƙofa, waye zai mayar da mai alamar ciwo, da ikonki na tsayar da taro idan an karya, da abin da zai faru da kuɗin kafin alƙalami idan hukuma ta hana taron. Idan kamfani ne ko ƙungiya babba take haya, ki nemi su kawo shaidar tasu inshorar alhakin kuma a sa sunan wurinki a cikinta na wannan ranar, sannan ki karanta tasu togaciyar kamar yadda kika karanta taki.